Magen da Ta San Hanya

Hure tana cikin juya kifi a kasko ta ji an goga mata jiki a ƙafa. Ko ba ta duba ba ta san wace ce. 'Yar Buhu ce ta sake dawowa daga Toranke, ta rame, ƙarangiya duk ta maƙale mata a wutsiya.

"Ke wai ba kya jin magana ne?" in ji Hure, alhali hannunta ya riga ya miƙa mata kan kifi.

A Gaya, idan mage ta ishi masu gida, a buhu ake saka ta, a ɗaure bakin, a kai ta nesa a yar don kada ta ga hanya. A bayan kasuwa Hure mai suyar kifi ta tsinci wannan a cikin buhu tun tana 'yar mitsitsiya, ita kaɗai ke motsi cikin 'yan'uwanta. Daga ranar ta tsani buhu, ta ce ko ana ha-maza ha-mata ba mai saka mage a ciki a gabanta. Wanda ya san bakin Hure kuwa ba ya gwadawa.

Bana ɓeraye sun gallabi 'yan hatsi. Suka ce magunan kasuwa sun ƙoshi da kifin Hure sun manta aikinsu, don haka da sabon gero ya gama shigowa za su barbaɗa shinkafar ɓera a kowane lungu. Shi ne ƙungiyar matan unguwa, wadda Zuhra malamar firamare ke jagoranta, ta haɗa kai da wani likitan dabbobi. Shi ya ba da ɗaki a bayan shagonsa da allurar riga-kafi, su kuma suka ɗauki ciyarwa da nema wa kowace mage gida a ƙauye, inda rumbuna ke buƙatar mai gadi. An kai wasu Kademi, an kai wasu Toranke a kejin waya, duk sun zauna. 'Yar Buhu ce kaɗai ta ƙi. Sabo turken wawa.

Kafin azahar sai ga Zuhra tare da Barau, ƙanen Hure, wanda aka bai wa magen.

"Yaya, wallahi har nono nake ba ta," in ji Barau. "Amma a keji tana kallon titi tun daga nan har gida, ai dole ta haddace hanya. Da dai a buhu ne..."

"Barau, kada ka ƙarasa."

Zuhra ta tsuguna kusa da murhu. "Inna, ɗakin likita ya cika, kuma ba wurin zaman dindindin ba ne. Gidanki katanga ɗaya ce tsakaninsa da siton 'yan hatsi. Sun ɗaga mana ƙafa sau ɗaya saboda ke, sun ce gobe za su zuba."

 Hure ta dubi magen tana lasar ƙafa hankali kwance, kamar ba a kanta ake magana ba. Ranta ya ɓaci, tsoro kuma ya kama ta, irin wanda rabonta da shi tun ranar da ta kwance wancan buhun. Abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta, ya fi wutar zafi.

"Ba ni buhun," ta ce da Barau, don ta ga ya zo da shi a naɗe.

Ba ta bari kowa ya taɓa ba. Ita ta kakkaɓe shi, ta huhhuda shi da wuƙar kifi don iska, ta jefa kan tarwaɗa a ciki. 'Yar Buhu ta shiga da kanta, don ba ta taɓa tsammanin sharri daga wannan hannun ba. Wannan ne ya fi yi wa Hure ciwo. Barau ya miƙo igiya, ta harare shi, ta damƙe bakin buhun da hannunta.

A bayan babur ɗin Barau ta sa shi ya bar kwalta ya bi ta gonaki, ya zaga, ya sake zagawa, har ya fara ƙorafin mai. Magen tana kuka tana yaƙushinta ta cikin buhu, jini ya ɓata mata zane. Ba ta sassauta ba. A Toranke ta miƙa wa matar Barau buhun a cikin ɗaki.

"Kada ki buɗe sai na yi nisa. In ta ganni za ta biyo ni."

Aka zuba maganin. Kwanaki suka shuɗe, kowace safiya Hure sai ta duba ƙarƙashin tebur ko magen ta dawo. Ran nan Zuhra ta biyo da fara'arta.

"Albishirinki, Inna! Barau ya bugo waya. Ta zauna, har ta fara kama ɓera a rumbu. Ya ce ko ƙofar gida ba ta leƙawa."

"Alhamdu lillahi," in ji Hure. "Abin da muke nema ke nan."

Ta juya ta ci gaba da suya. Sai da ta zo tashi da yamma ta lura da kan kifin da ta ware a gefen faranti tun safe. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta rufe shi da murfi.