Ƙwallon Ƙarfe a Gaban Hancin Mai Walda

Mai walda ya rataye ƙwallon ƙarfe da sarƙa a rufin ajin 'yarsa. Nauyin ƙwallon ya kai na ɗan akuya. Kwana uku ya yi kan ƙugiyar, da ya gama ya kama ta hannu biyu ya yi lilo, ko gezau ba ta yi ba.

'Yar tasa fiziks take koyarwa a jami'a. Shi aji uku ya yi aka miƙa masa guduma. Farfesan da ke shugabantar sashen ya riga ya faɗa mata aji ba dandalin wasa ba ne, allo da alli sun isa. Yau ya zo gani da idonsa. In bai gamsu ba, za a kwashe kayan gwajinta, a mayar da ɗakin sito.

Benci ya cika, wasu na tsaye a bakin taga. Malama ta ja ƙwallon har jikin bango.

"Abin da aka saki daga nan ba zai dawo ya wuce nan ba. Wa zai ba mu aron hancinsa?"

Can baya wani ya ce, "Malama, guda ɗaya gare ni, kuma ban yi aure ba."

Aka kwashe da dariya. Farfesa ya rubuta wani abu a takarda. Tsohon mai walda, da ke zaune a gefe, ya ga rubutun, ya dubi 'yarsa. Ya miƙe.

"Baba, ba sai kai ba, ni zan tsaya."

"Wa ya yi ƙugiyar?"

"Kai."

"Wa ya yi lissafin?"

"Ni."

"To, ba ni wuri."

Ya jingina ƙeya da bango, ya kawo ƙwallon har ya taɓa kan hancinsa. Tun a gida ta ja masa kunne: saki ake yi, ba turi ba. In an tura ko kaɗan, da ƙari zai dawo. Ya buɗe yatsunsa kamar mai sakin ƙarfe mai zafi.

Ƙwallon ya tafi, ya tsallake tebur, ya ɗan tsaya, ya juyo. Wata ɗaliba ta saka salati. Tsohon ko ƙiftawa bai yi ba. Har warin fenti ya shaƙa, ƙwallon ya tsaya saura faɗin yatsa, ya koma.

Aji ya ɗauki tafi. Mai hanci guda ya hau benci yana cewa a sake. Tsohon bai dube su ba, 'yarsa ya duba, ya gyaɗa kai sau ɗaya.

Farfesa ya ninke takardarsa. "Malama, ɗakin naki ne." Sai ya naɗe hannun riga. "Dattijo, ba ni in gwada."

Mai walda ya tare ƙwallon ya rungume.

"Tun shigowarka nake kallon hannunka. Ƙofa, bankaɗawa ka yi. Kujera, turawa. Takarda ma tura wa 'yata ka yi, ba miƙawa ba."

"Baba!" in ji Malama, murya ƙasa-ƙasa.

Farfesa ya yi dariya. "Haba dattijo, ai ni na koya mata ƙa'idar."

"A allo ka san ta. Hannunka bai sani ba. Ba zan ba ka ba."