Ƙwallon Koci a Ƙofar Gidan Yari

"Baba, kai ma ka san ba za ta shiga ba," in ji gandiroban, yana jujjuya ƙwallon a hannunsa. "Sabulu ya wuce, man shafawa ya wuce. Wannan kam sai dai ku koma da abarku."

Koci ya dafa teburin bincike yana haki. "Ɗana, ƙwallo ce fa, ba wuƙa ba."

"Na sani, Baba. Ba ni da hurumi ne. Ranar da 'yan majalisa suka amince da dokar wasanni a gidan yari, ni zan fara buga ta."

Mai Faci, wanda ya kawo shi a babur, ya karɓi ƙwallon ya cusa a buhu. Ya saba. Duk ranar ziyara shi ke buga mata iska a rumfarsa, kuma shi ke komawa da ita gida.

Katanga ɗaya ta raba gidansa da na Koci. Koci tsohon malamin motsa jiki ne, ya ƙare ƙarfinsa yana hura wa 'ya'yan mutane usur a filin makaranta, har sunansa na yanka ya ɓace. Autansa kuwa gola ne da unguwa ke taƙama da shi, kafin wani faɗa a tashar mota ya yi sanadin idon mutum, alƙali ya ɗaure shi shekaru.

Ran nan da aka fito da Auta ɗakin ziyara, Mai Faci sai da ya kau da kai. Yaron ya kumbura, ba ƙiba ba, kumburin zama wuri ɗaya. Yana tafe yana jan ƙafa kamar tsoho.

"Kana motsa jiki kuwa?" Koci ya tambaye shi.

"A ina, Baba? Ɗakin ko miƙe ƙafa sai an yi layi."

"Akwai fili a bayan ɗakunanku, na hango shi."

"Ciyawa ce da macizai. Ba a buɗe mana." Daga nan Auta ya zuba wa ƙasa ido har lokaci ya ƙare.

A hanyar komawa Koci ya kwantar da kansa a bayan Mai Faci. Wannan ne karo na farko da ya yi haka, sai Mai Faci ya rage gudu.

Ba a jima ba rediyo ya sanar cewa majalisa za ta saurari ra'ayin jama'a kan ƙudirin da zai wajabta wasanni a gidajen yari: fili, kayan wasa, masu horarwa, har da gasa. Likita ya riga ya ce zuciyar Koci ta gaji, ya kwanta. Ranar zaman, da ya shirya zai fita, Inna, matarsa, ta tsaya a bakin ƙofa ta tare hanya.

"Malam, ba inda za ka. Dubi ƙafafunka."

"Ai ba gudu zan yi ba. Ga direbana nan da tumbinsa." Ya nuna Mai Faci. "Da kai ɗan wasana ne, wallahi benci za ka tsufa a kai."

"Ni da nake ɗauke da kai, Yaya? To yau a ƙasa za ka je."

Inna ta yi dariyar da ba ta so ba, ta kauce.

Zauren majalisar sanyi kamar firiji. Mutane suka yi ta magana. Wata mata da aka kashe wa ƙane ta miƙe ta ce wanda ya yi laifi ba hutu ya je yi ba, kuma Mai Faci ya ga Koci yana gyaɗa mata kai. Da aka miƙo wa Koci abin magana, duk jawabin da ya yi ta bita a kan babur ya gudu. Ya tsaya yana neman numfashi.

"Ɗana yana ciki," ya ce. "Ya yi laifi, ban musa ba. Da gola ne. Yanzu in ya miƙe ƙafarsa rawa take. Wata rana za ku sako mana shi. Ban san me za ku sako mana ba."

Ya zauna. Shugaban zaman ya yi godiya, ya kira na gaba.

Tun daga ranar Koci bai ƙara fita ba. Aka sauko da katifarsa ƙasa kusa da taga, aka jera kwalaben magani a kan tsohuwar kujera, rediyo kuma a gefen matashinsa. Duk hantsi Mai Faci kan bar rumfa ya leƙo, hannunsa baƙi ƙirin da taya.

"Sun kaɗa ƙuri'ar?"

"Sun ɗage, Yaya. Wai sun tafi hutu."

"Su ma sun san daɗin miƙe ƙafa ke nan." Ya yi tari mai tsawo. "In ka je wajen Auta, kar ka ce masa ina kwance. Ka ce ciwon gwiwa ne."

"Zan faɗa masa haka."

"Kuma ka ce ya riƙa tsuguno yana tashi, ko a jikin bango ne. Kar ya bari ƙafar ta mutu."

Wata safiya Mai Faci na tsugune yana nutsa tib a baho yana neman inda ya huje, sai ya ji muryar Inna ta tsallako katanga. Ba ihu ba ne, sunansa kawai take kira a jere. Ya saki tib ɗin a ruwa. Ya tarar da rediyon yana ta labarin farashin taki, Koci kuma ya juya fuska wajen taga, hannu ɗaya a ƙarƙashin kumatu. Mai Faci ya kashe rediyon, ya ja masa mayafi.

An nemi a bar Auta ya zo ya ga gawar mahaifinsa, ba a samu ba.

Ranar ziyara Mai Faci ya tafi shi kaɗai. Auta ya shigo, ya dubi bayan Mai Faci, ya dubi ƙofa, sannan ya dube shi.

"Kawu, gwiwar ce har yanzu?"

Mai Faci ya sunkuyar da kai. Auta ya zauna a hankali, ya ɗora goshinsa a kan teburin. Kafaɗunsa kawai ke motsi. Gandiroban da ke tsaye ya juya musu baya, ya bar su har lokaci ya wuce.

Bayan 'yan majalisa sun dawo hutu, ƙudirin ya wuce, aka sa masa hannu. Mai Faci a bakin wani mai tasi ya ji, yana tsaka da ɗaure masa taya. Ya gama aikinsa, ya shiga ya gaya wa Inna. Ta ce, "In za ka je wajen Auta, ka tafi da ni." Ba ta taɓa taka wurin ba, ta ce zuciyarta ba za ta ɗauka ba.

Suka daɗe a ɗakin ziyara ba a fito da shi ba. Ta tagar ƙarfen Mai Faci ya hango an nome ciyawar bayan ɗakunan, mutane cikin kayan fursuna suna jan igiya, wani na bin ta da bokiti yana zuba farar ƙasa.

Auta ya shigo yana haki, gumi ya jiƙa masa riga. Ganin uwarsa ya sa ya tsaya cak.

"Inna."

"Zo nan. Me ka yi wa hannunka haka?"

"Layin filin ƙwallo muke ja."

Ta kamo hannayen, fari fat har wuyan hannu, ta ɗora su a kan teburin. Ta kama bakin gyalenta, ta shiga goge masa yatsun ɗaya bayan ɗaya.