Ƙugun Wando

Gidana gidan 'yan tsirfa ne. Babban ɗana ba ya cin abin da albasa ta taɓa, Auta kuwa in abinci yana da ido ko kallonsa ba ta yi. Uban tafiyar shi ne babansu. Yana saurayi ƙayar kifi ta maƙale masa a maƙogwaro har aka kwashe shi asibiti, tun daga nan ko ƙarnin kifi ya ji sai ya bar ɗakin.

Sai ga ciwon zuciya ya kwantar da shi. Likita ta hana jan nama, ta hana maiƙo, ta ce kifi. Ƙaton direban da ke tada faranti biyu ya koma shayi da burodi, wando na zame masa. Ni tela ce, ni na rage masa ƙugun wandon, na sake ragewa. A na ƙarshe kuka na yi a kan keken ɗinki, na rantse ba zan ƙara ba.

Na je wurin mai kifi na ce, "Fari nake so, marar ƙarni. Ka cire kai da fata, ka riƙe abinka."

A gida na jiƙa tsokar a madara, na ɗauraye, na shimfiɗa a kan katako. Na rufe ido ina bin ta da yatsa, yadda nake laluben fil a bakin riga kafin in ba mai ita. Duk ƙayar da na taɓo, hantsaki ya zare ta. Ɗan gishiri, tafarnuwa, lemon tsami, sai kasko mai murfi a wuta kaɗan, da dafaffen dankali a gefe.

Auta ta leƙa faranti. "Mama, ina idonsa?"

"Na baro shi kasuwa yana kallon mutane."

Yayanta ya gama tonon albasa bai samu ba, ya hau ci. Babansu kuwa ya tsura wa farantin ido.

"Maman yara, kifi ne fa."

"Kifi ne, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma hannuna ya bi shi kaf."

Ya gutsuri kaɗan. Ya ƙara. Har na fara murna, sai na ga ya tsaya cak, ya sa yatsu a baki ya zaro ƙaya, siririya kamar zare. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Yara suka ajiye cokali.

Ya ɗaga ta sama, ya juya ta, ya daɗe yana kallo.

"Wai wannan 'yar abar nake gudu duk shekarun nan?"

Ya ajiye ta a bakin faranti, ya cinye tas, ya turo mini. "Ƙaro."

Daga nan kifi ya samu gindin zama a gidanmu, kuma ba na ɓoyewa, duk wadda ta kawo ɗinki sai ta sha labari. Rannan ina kan keke ya shigo da wandon nan a kafaɗa, yana sosa ƙeya.

"Ya matse ni. Ko sabo za a ɗinka?"

Na karɓa na juya cikinsa, na sa almakashi na warware ɗinkin, yadin ya buɗe.

"Ai ban taɓa yankewa ba, Baban yara. Ninke shi na yi ina jiranka."