Aljihun Baya

Rigar tana nan rataye a ƙusa bayan ƙofar ɗakinta, shuɗiya, ɗinki tsaf, sai dai aljihunta a tsakiyar baya yake. Ranar da Baba ya ɗinka ta, shekara biyu ke nan, 'yarsa ta yi dariya har da riƙe ciki. Shi ma ya yi, yana sosa ƙeya.

"Don ɓarayi na yi," in ji shi. "Kowa gaba yake lalube."

Shekara arba'in Baba yana kan keken ɗinki, ko maɓalli bai taɓa sa wa a karkace ba. Ita kuwa 'yarsa tilo, wadda yake kira 'Yar Biro, marubuciya ce, kuma tana da tsince-tsince kamar kaza. Akwai wani ɗan littafi a jakarta. Duk abin mamakin da ta gani a titi ko a mota sai ta rubuta, har da kwanan wata, daga nan take ɗebo labaranta. To, ga abu ya biyo ta har gida, wa zai ƙi? Ta roƙi rigar, ya bar mata.

Daga nan abubuwa suka yi ta zuwa. Almakashi a cikin firji. Wando da aka ɗinke bakin ƙafarsa ruf. Ranar da ya auna mutum ɗaya sau uku, kowane karo yana yi masa sannu da zuwa. Ta tattara su ta ƙirƙiri wani tsohon tela mai ban dariya, masu karatu suka yi ta yabo. Har wani ya tambaye ta inda take samo irin waɗannan.

"Ido kawai," ta ce. "Mutane ne ba sa kallo."

Wannan maganar ce take cin ta yanzu. Don kuwa makon jiya wani mai shago ne ya riƙo hannun Baba ya kawo shi. Ya tarar da shi a bakin titi da tef ɗin awo a wuya, yana tambayar hanyar gidan da ya shekara talatin a ciki.

A asibiti, likita ta gama gwaje-gwajenta ta cire tabarau.

"Ciwon mantuwa ne, kuma ya yi nisa. Yaushe kuka fara lura? Ko da ƙiyasi ne, yawanci iyali ba sa tunawa."

"Tara ga watan uku, shekara biyu da suka wuce."

Ta miƙa ɗan littafin. Likita ta yi ta buɗe shafuka, tana gyaɗa kai.

"Ban taɓa ganin wanda ya kiyaye haka ba. Wane likita kika nuna wa a lokacin?"

Ba ta nuna wa kowa ba. Da ƙyar ta iya cewa, "Da mun zo tun lokacin fa?"

"Warkewa dai babu. Amma wataƙila da an rage masa gudu."

An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Nata idon ya ga komai, bai san komai ba. Ta yi kuka a mota har gida, ba ta damu da masu kallo ba.

Yau da hantsi ta tarar da Baba a gaban kekensa. Ta cire allurar tun jiya don kada ya soke yatsa, amma yana ta takawa, yana tura wani ƙyalle a hankali.

"Yarinya, me ke hannunki?"

Yarinya. Kwana uku ke nan bai ce 'Yar Biro ba.

"Labari ne, Baba."

"Karanta mu ji."

Ta karanta masa na telan. Da aka zo kan aljihun baya ya yi dariya sosai, irin tasa ta da. Da aka zo kan mutumin da aka auna sau uku sai ya tsayar da keken.

"Allah sarki. Wannan ba abin dariya ba ne, ba shi da lafiya. Tela ba ya haka." Ya dube ta da tausayi. "Shi tsohon nan, ba shi da 'ya'ya ne?"

"Yana da 'ya ɗaya."

"To, ina take?"

"Tana kusa da shi, Baba. Tana rubutu."

Ya jinjina kai, ya gyara zaman ƙyallen.

"To, a bar ta ta gama," ya ce, ya ci gaba da taka keken.