Muryar da Ba Ta Sallama

Malam Bube ya sake katse wayar ya cusa ta aljihu.

"Haba Baba!" in ji ɗansa Falalu. "Ita ce fa za ta faɗa maka ranar da za a sako ruwa layinku."

Falalu ne ya mayar da manhajar manoman dam ɗin Bakolori zuwa Hausa. Babu abin da bai gyara ba. Ya sa watannin Musulunci kusa da na Bature, ya nemo Maimunatu, wata malamar makaranta a Talata Mafara, ta karanta saƙonnin da bakin mutanen nan. To ga shinkafar ubansa a Bakura ta fara yaushi, ruwa na zuwa yana wucewa, duk don tsohon ya ƙi saurare. Abin ya ƙona masa rai ƙwarai.

"Mi tac ce da farko?" Malam Bube ya tambaya.

"Cewa ta yi, danna ɗaya."

"To ka ji. Ko sallama babu." Ya juya ya dubi yammacin gonar, ya daɗe. "A tsohon garinmu, tun kana ƙetaren gulbi kake fara gaisuwa, ba ka gamawa sai ka fito da ƙafa jiƙe. Mutum guda na sani da yaz zo bai yi sallama ba. Cikin mota shike da lasifika, yac ce mu kwashe kaya, ruwan dam na tahowa. Tun rannan, muryad da ba ta gaisuwa, ban jiran in ji mi tak kawo."

 Falalu ya hau babur sai Mafara.

Da ya roƙe ta ta ƙara gaisuwa a farkon saƙon, Maimunatu ta yi ta dariya, amma ta karanta: sallama, ina kwana, ina gajiya, yaya gona, yaya iyali. Bayan kowace gaisuwa Falalu ya bar shiru daidai amsar dattijo.

Da la'asar ya miƙa wa ubansa wayar. Tsohon ya gyara hula, ya amsa ɗaya bayan ɗaya, ya ji cewa ruwa gobe da hantsi ne.

"Madalla, ɗiyata. Ina mutanen gidanku?"

Shiru. Wayar ba ta amsa ba.

Malam Bube ya yi murmushi, ya ɗauki fartanya ya nufi bakin hanyar ruwa.

"Kunya gare ta," ya ce. "Ɗiyar mutunci ce."