Kilo Huɗu da Rabi

Nas ta ɗora jaririn a kan sikeli, allura ta tafi har kilo huɗu da rabi. Saura ƙiris Inna, kakarsa, ta rangaɗa guɗa a ɗakin haihuwa.

"Tubarkalla! Ku dubi cinya, sai ka ce ɗan wata uku!"

Ba wanda ya taya ta. Nas ta kama fatar cikin yaron da yatsu biyu, ta tsira masa allura a dunduniya, ta duba na'ura, ta ɓata rai.

"Sukarinsa ya faɗi, Inna. Ƙibar nan ba ta lafiya ba ce. Ya saba da zaƙin jinin uwarsa, an yanke cibi ya rasa. Sai mun kwantar da shi." Ta juya wurin maijego, Auta. "Tun cikin yana wata shida na ce sukarinki ya hau. Kin bi takardar abincin da na ba ki? Gaskiya nake so, don in san yadda zan kula da shi."

Auta ta sunkuyar da kai. "Ban bi ba. Kwaɗayi ne."

Kai, ƙarya ce tsagwaronta! Inna ce kullum da safe take sallama a shagon ɗinkin Auta da fulas na shayi, madara har ya yi kauri, ta tsaya mata a ka sai ta shanye. Takardar kuwa, Inna ce ta ninke ta huɗu ta tokare ƙafar keken ɗinki da ke rawa. Ba mugunta ba ce. A shekarar yunwa ta haifi Auta, 'yar mitsitsiya kamar kyanwa, 'yan barka suna leƙawa suna kau da kai, ba mai miƙa hannu ya ɗauka. Tun ranar ta rantse ba za a yi wa jikanta wannan kallo ba.

"Ba kwaɗayi ba ne, 'yar nan," in ji Inna. "Ni ce. Sukari cokali shida, kullum."

Nas ta rubuta, ta naɗe yaron ta fita da shi da sauri.

Kunya da tsoro suka rufe Inna. "Ke kuma da iliminki, don me kika sha?"

"Na san yana cutar da ni, Inna," in ji Auta. "Fuskarki ce ba na iya kallo in na ajiye kofin."

Inna ta laluba bayanta tana neman kujera.