Sulken da Aka Yanke

Malam Inuwa ya yi shekara ashirin da biyu yana haɗa wayoyin injina a wata masaƙa da ke Sharaɗa kafin a rufe ta. Tun daga nan ya koma gyaran fanka da firji a ƙofar gidansa a Gyadi-Gyadi. Saboda haka ranar da Alhaji Tanko ya aiko masa cewa zai buɗe kamfanin ruwan gora a Tarauni, yana neman mai haɗa masa sababbin injina, Inuwa sai da ya wanke akwatin kayan aikinsa da sabulu.

Injinan na zamani ne. Akwai akwati guda mai ba da umarni, shi ke gaya wa bel ɗin da ke jan goruna ya tafi ko ya tsaya, ya gaya wa famfo ya zuba. Umarnin yana bi ta wata siririyar waya mai sulke, wato saƙar ƙarfe da ta lulluɓe ta ƙarƙashin roba, don kada ƙarfin manyan wayoyin wuta ya rikita saƙon. Inuwa ya san ƙa'idarta kamar yunwar cikinsa. A ware mata hanyarta daban, a feɗe robar a hankali, a damƙe sulken da maƙalin ƙarfe a jikin akwatin, ya sadu da wayar ƙasa.

Mai kula da aikin shi ne Anas, ɗan ƙanwar Alhaji, wanda bai daɗe da gama jami'a ba. Ya tarar da Inuwa yana auna bango don kafa wa wayar hanyarta.

"Baba, meye haka kuma? Ga hanyar wayoyin motar da ke juya injin nan a shimfiɗe, ka zuba su tare mana. Ranar Asabar za a buɗe wurin nan."

"Injiniya, ba a haɗa su. In babbar mota ta tashi, wannan 'yar wayar za ta ji abin da ba a faɗa mata ba."

Anas ya yi dariya. "Wannan zamanin masaƙa ne. Ba ga sulke a jikinta ba? Kuma wannan gashin ƙarfen da kake tsefewa, yanke shi, yana ɓata kyan akwatin."

"In na yanke shi, sulken ya zama ado."

Maganar ta kai gaban Alhaji. Bai ko ɗago daga wayarsa ta hannu ba ya ce, "Malam Inuwa, yaron nan ya yi karatun abin. Ka yi yadda ya ce."

Inuwa ya tuna fankokin mutane da ke jiransa a ƙofar gida, da shekara shida da ya yi bai taɓa injin kirki ba. Ya ɗauki almakashi ya yanke.

Mako uku injin yana aiki, sai dai wani lokaci ya tsaya haka kawai, ko ya cika gora har ta yi ambaliya. Ran wata Talata da hantsi bel ya tsaya. Sadiya, wata ma'aikaciya mai jera gora, ta sa hannu za ta tayar da wadda ta faɗi, sai bel ya zabura ba wanda ya taɓa shi. Yatsunta biyu suka tafi.

Kafin la'asar an sallami Inuwa. Kafin Juma'a, daga Gyadi-Gyadi har Daurawa inda iyayen Sadiya suke, labarin ya zama ɗaya, wai wani tsohon mai gyaran fanka ne ya yi karambani. Masu kawo masa gyara suka ragu. A masallaci ana ba shi hannu, amma ba a haɗa ido da shi.

Alhaji ya ɗauko wani injiniya daga Legas mai suna Kelechi, haifaffen Unguwa Uku, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano. Yana buɗe akwatin ya riƙe baki. Ya bi wayar da ido har inda ta kwanta cikin wayoyin mota. Amma ya lura kowace waya da lambarta, kowane ɗauri tsaf. Ya tambaya wa ya yi aikin, ya zo har gidan Inuwa.

"Baba, hannun da ya yi wannan ɗaurin ya san ba a yanke sulke. Me ya faru?"

Inuwa ya gaya masa. Kelechi ya roƙe shi ya zo su gyara tare, don shi kaɗai ba zai gama a kwana biyu ba. Inuwa ya so ya ƙi. Sai dai akwai wasu mata goma sha ɗaya a bakin bel ɗin nan, don haka ya bi shi.

Suka zare wayar gaba ɗaya, suka kafa mata hanyarta, Inuwa ya damƙe kowane sulke da hannunsa. Injin ya tashi lafiya lau.

A ofis Kelechi ya ce, "Alhaji, laifin nan ba na Baba ba ne. Ya faɗa, aka ƙi ji. Ya kamata mutane su sani."

Alhaji ya rufe ƙofa. "Injiniya, abin da ya wuce ya wuce. Anas yaro ne, yanzu ya fara rayuwa, ga aurensa bayan Salla. Shi kuwa Malam Inuwa dattijo ne, ya iya haƙuri. Ko ba haka ba, Malam?"

Inuwa ya ɗauki akwatinsa ya fita.

Bai nufi gida ba, ya hau adaidaita zuwa Daurawa. Mahaifin Sadiya ya fito zaure, ya gane shi, fuskarsa ta canza.

"Me ya kawo ka?"

Inuwa ya zo da magana cike da baki: sunan Anas, da abin da Alhaji ya ce. Sai ya hango Sadiya a tsakar gida, hannu a naɗe, tana ƙoƙarin ɗaura ɗankwali da hannu ɗaya.

"Na zo duba ta ne. Na san bai kamata a yanke sulken wayar injin ba, kuma ni na yanke."

"To, ka duba ta," in ji uban, ya saki labule.